Asalin Kare da Harshen Mutanen da Suka Fara Riƙe Shi: Tambayoyi da Amsoshi

In rani ya kama, wanda ya yi sammako a hanyar Bauchi zuwa Alkaleri ba zai rasa ganin a-kori-kura maƙare da mafarauta ba, kowa da gorarsa, karnuka sun leƙo da kai ta tsakanin ƙafafunsu. Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, kuma duk shekarar da na kai darasin dabbobin gida, maganar kare ce ke cinye lokacin. Daga aji maganar kan bi ni har majalisa, inda dattawa ke ɗora nasu tambayoyin, musamman a kan sunansa. Waɗannan su ne waɗanda suka fi dawowa.

Daga wace dabba kare ya samo asali?

Daga kyarkeci. Kowane kare a duniya, daga ƙaton karen 'yan sanda zuwa ramammen da ke kwana a ƙarƙashin teburin mahauta a kasuwar Muda Lawal, tsatsonsa yana komawa ga kyarkecin ƙasashen sanyi na Asiya da Turai. A da an yi ta musu. Shahararren masanin halittu Charles Darwin ya zaci karnuka sun fito daga dabbobin daji daban-daban, Konrad Lorenz, masanin halayyar dabbobi, kuma ya daɗe yana cewa mafi yawansu jikokin dila ne. Gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA, shi ya raba gardamar.

Abin lura shi ne, ba kyarkecin da ke yawo yau a dazukan Rasha ko Kanada ne kakan kare ba. Wani reshe ne na kyarkeci da ya rayu a zamanin ƙanƙara, kuma ya shuɗe. Kare da kyarkecin yau 'yan maza zar suke, kakansu ɗaya, har gobe kuma suna iya barbara su haihu.

To kyarkecin dajinmu fa? Kura da dila ba su da hannu?

A nan sunan ke rikita mutane. Abin da kakanninmu suka sani da kyarkeci dabba ce mai faɗin kunne, jikinta dabbare-dabbare da baƙi da fari da ruwan ƙasa, tana farauta a garke. Ta taɓa zama a dajin Yankari, amma an daɗe da daina ganinta. Wannan dabbar dangin kare ce ta nesa, ba a taɓa mayar da ita ta gida ba. Da malamai suka zo fassara "zi'b" na cikin Suratu Yusuf, sai suka ɗauki sunan da ya fi kusa, suka ce kyarkeci. Tun daga nan suna ɗaya ya hau dabbobi biyu. Duk inda na ce kyarkeci a amsoshin nan, na ƙasashen sanyin nake nufi.

Kura kuwa, duk da kamarta, ko dangin kare ba ta shiga ba. Ta fi kusa da kyanwa da tunku. Ranar da na faɗi haka a majalisa, wani dattijon mafarauci ya dube ni ya ce, "Malam, boko dai bai bar komai ba." Na ce, "Baba, ai ko ni sai da na sake duba littafin."

Dila ya fi su kusanci. A 2015 bincike ya nuna dilan Sahel mai ruwan zinariya, wanda aka daɗe ana haɗa shi da dilan Asiya, jinsi ne mai zaman kansa da ya fi kusa da kyarkeci. Duk da haka ba shi ya haifi kare ba.

Yaushe aka fara riƙe kare?

Kabari mafi tsufa da kowa ya yarda kare ne a cikinsa yana Oberkassel, kusa da birnin Bon a Jamus. Masu fasa dutse ne suka ci karo da shi a 1914: namiji, mace, da ɗan kwikwiyo, an binne su tare kimanin shekara 14,200 da suka wuce. Da aka sake duba haƙoran kwikwiyon a 2018, sai aka ga ya sha fama da wata muguwar cutar karnuka mai sa zazzaɓi da amai da gudawa tun yana da mako 19, bai mutu ba sai da ya kai wajen mako 28. Kwikwiyo mai irin wannan ciwo ba ya yin makonni da rai sai in akwai mai ba shi ruwa, mai share shi, mai ɗumama shi. Kuma a wannan halin ba ya farauta, ba ya gadi. Jinya kawai aka yi masa.

A Ain Mallaha, arewacin tafkin Galili a Gabas ta Tsakiya, an tono wani kabarin mai kimanin shekara 12,000, na wani mai yawan shekaru da aka kwantar hannunsa na kan kwikwiyo. Akwai ƙoƙunan kai da suka fi waɗannan tsufa, ɗaya daga kogon Goyet a Beljiyam mai shekara 36,000, ɗaya daga tsaunukan Altai a Saiberiya mai shekara 33,000, amma masana sun rabu a kansu: wasu sun ce karnukan farko ne, wasu sun ce kyarketai ne masu gajeren baki.

Don a ji nisan abin, a auna da kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya gano a 1987 yana haƙar rijiya a ƙasar Yobe ta yanzu. Shekarunsa kimanin 8,000 ne, muna kuma alfahari da shi a matsayin mafi tsufa a Afirka. Ranar da aka sassaƙa shi, kwikwiyon Bon ya riga ya yi shekara 6,000 a ƙasa. Tumaki da awaki da shanu duk sun biyo bayan kare ne, wajen shekara 10,000 zuwa 11,000 da suka wuce. Kare ne kaɗai aka riƙe tun ba a san noma ba.

A wace ƙasa abin ya faru?

An ambaci kudancin Sin, an ambaci Turai, Gabas ta Tsakiya, da tsakiyar Asiya, kowa da hujjarsa. A 2021 wasu masana suka kawo shawarar Saiberiya, wajen shekara 23,000 da suka wuce, lokacin da tsananin sanyi ya takure mutane da kyarketai a wuri ɗaya.

Aikin da ya fi nauyi ya fito a 2022 daga Cibiyar Francis Crick da ke Landan, inda aka karanta ƙwayoyin gadon tsoffin kyarketai 72 da suka rayu cikin shekara 100,000 da suka gabata. An ga karnuka gaba ɗaya sun fi kusa da tsoffin kyarketan gabashin Asiya a kan na Turai. Sai dai karnukan Gabas ta Tsakiya da na Afirka suna ɗauke da jini na biyu, wanda kan kai rabi, daga wasu kyarketai na kudu maso yamma. Ko dai an riƙe kare sau biyu a wurare biyu, ko kuma karnukan gabas da suka iso yamma suka yi barbara da kyarketan da suka tarar. Wannan jini na biyu ya shafi karen ƙofar gidanka kai tsaye. Duba amsar shigowarsa Afirka a ƙasa.

Mutum ne ya kamo kyarkeci, ko kyarkecin ne ya kawo kansa?

Ra'ayi biyu ne manya. Na farko ya ce mafarauta ne ke ɗauko 'ya'yan kyarkeci daga rami su raina, mai faɗa a kashe ko a kore shi, mai sanyin hali ya zauna ya hayayyafa. Na biyu ya ce juji ne ya haɗa su: kyarkecin da ba shi da tsoro sosai ya riƙa raɓar zango yana cin ƙashi da tumbi da aka zubar, 'ya'yansa suka fi shi sabo, har aka wayi gari ba sa komawa daji. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan kwata da hantsi ya ga yadda karnuka ke jira nesa kaɗan, ba su gudu ba, ba su matso ba, zai gane hoton da ake nufi.

Matsalar ra'ayin juji ita ce, mutanen wancan zamani ba mazauna ba ne, yau suna nan gobe sun tashi, jujinsu ba ya taruwa. Shi ya sa bayanin da wasu masana daga Finlan suka kawo a 2021 ya fi kwanta mini. Jikin ɗan Adam ba ya iya rayuwa da tsoka zalla, dole sai da kitse ko abin da ke da gari. A tsakiyar hunturun zamanin ƙanƙara dabbobi sun rame, mafarauci ya fi buƙatar kitse da ɓargo, tsokar kuwa ta yi masa yawa. Kyarkeci shi kuma tsokar ce abincinsa. Ke nan akwai rarar da za a jefa masa ba tare da an tauye bakin yara ba.

Me ya canja a jikinsa da halinsa?

Baki ya gajarce, haƙora suka ƙanƙance, kunne ya faɗi a wasu, wutsiya ta lanƙwashe, launi ya rarrabu. Karya takan yi jinin barbara sau biyu a shekara, kyarkeci sau ɗaya. A 1959 wani masani ɗan Rasha, Dmitri Belyaev, ya fara wani gwaji a birnin Novosibirsk na Saiberiya da wani nau'in yanyawa: ba ya zaɓar komai sai marasa tsoron mutum, su yake bari su haihu. Cikin 'yan zuriyoyi aka fara samun masu kaɗa wutsiya, daga baya masu faɗaɗɗen kunne da farin tabo a goshi. An soki gwajin da cewa dabbobin tun asali daga gonakin kiwo aka samo su, ba daga daji ba, amma har yanzu da shi ake kafa misali.

Wanda ya fi shafar mu shi ne na ciki. Binciken 2013 ya nuna kyarkeci yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon da ke taimakawa wajen narkar da abinci mai gari, yawancin karnuka kuwa suna da ninkin haka sau da yawa. Wannan ya ƙaru ne bayan an fara noma. Dalilin ke nan da karen ƙauye ke rayuwa a kan ƙanzo da ragowar tuwon dawa, abin da kyarkeci ba zai jure ba.

Wane harshe mutanen da suka fara riƙe kare suke yi?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce dawowa, kuma mai yin ta yakan zo da amsarsa a aljihu: wani ya ce Larabci, wani ya ce harshen Misira, na taɓa jin wanda ya ce Hausa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya wanzu a lokacin. Mutanen suna da cikakken harshe kamar namu, don mutane ne irinmu, amma ƙashi yana zama a ƙasa, magana kuwa iska ce. Rubutu mafi tsufa, na Sumer a Iraƙi ta yau da na Misira, bai wuce shekara 5,200 da 'yan kai ba. Tsakaninsa da kwikwiyon Bon akwai shekara 9,000 da ba a rubuta ko harafi ba.

Masana harshe suna da dabarar leƙa bayan rubutu. Sukan jera kalmomin harsuna masu dangantaka, su gano yadda sauti ke sauyawa bisa ƙa'ida, su sake gina kalmar uwar harshen. Dabarar tana aiki, amma tana da iyaka: in aka wuce shekara 8,000 zuwa 10,000, sauti ya goge, kalmomi sun musanya, har ba a iya bambance gado da aro da dacen banza. Kare kuwa a ƙalla ya girmi wannan iyaka da shekara 4,000, in kuma lissafin Saiberiya ne, da fiye da 13,000. A gwada da Hausar waƙoƙin ƙarni na 19, wadda shekara 200 kacal ta sa ɗalibi ke neman mai yi masa sharhi.

Ƙwayoyin gado ma ba sa ɗauke da harshe. A nan cikin garin Bauchi akwai iyalai da yawa da kakanninsu Gerawa ne ko Fulani, jikokin ba sa jin komai sai Hausa. Jini bai sauya ba, harshe ya sauya cikin zuriya uku.

Amma ai "kare" da "kalb" sun yi kama. Ba daga Larabci muka aro ba?

Alamu ba su nuna aro ba. Kalmomin da Hausa ta karɓo daga Larabci sun shigo ne da addini da fatauci da karatu, da yawansu kuma suna ɗauke da "al" ɗinsu: alƙali, alƙalami, albasa, har da littafi da lahira inda ta lanƙwashe. Da wuya a ari sunan dabbar da ke kwance a ƙofar gida tun kafin zuwan baƙo. Sannan kalmar tana da 'yan uwa a wasu harsunan Cadi, dangin da Hausa ta fito, har masanin harshe Paul Newman ya sake gina tushenta da baƙaƙen k da r. Dubi kuma jam'inta: karnuka, karnai. Wannan "n" da babu ita a tilo alama ce ta tsohuwar siga da ta goge.

Dangantaka ta nesa kuwa mai yiwuwa ce, tunda Hausa da Larabci duk rassa ne na babban gidan harsuna da masani Joseph Greenberg ya kira Afro-Asiya, tare da harshen Misira ta dā, na Buzaye, da na Somaliya. "Kalb" tsohuwa ce ƙwarai: Akadiyawa, mutanen Iraƙi ta dā, sun rubuta kalbu, Ibraniyanci na cewa kelev. Wasu masana na ganin "b" ta ƙarshe ɗafi ce ta sunayen dabbobi, kamar a zi'b (kyarkeci), arnab (zomo), sa'alab (yanyawa), aƙrab (kunama) na Larabci. In aka cire ta, saura kal, ga kuma kar namu. Abin sha'awa ne, amma ba a rufe maganar ba, musamman da yake Barebari, waɗanda harshensu ba ya cikin wannan gida sam, suna cewa keri. A cikin gidan kansa ma ba a haɗu ba: Buzaye na cewa aidi, Amhara na cewa wusha, Misirawan dā kuma suna da iwiw, wadda kwaikwayon haushi ce kawai.

Na ji an ce akwai kalma ɗaya ta kare da duk duniya ta gada.

Akwai wadda ta yi nisa, amma ba duk duniya ba. Uwar harsunan Indiya da Turai, wadda aka yi magana da ita wajen shekara 6,000 da suka wuce, tana da kalma mai kama da kwon. Daga ita Girkanci ya sami kuon, Sanskirit, tsohon harshen Indiya, ya sami shwan, Jamusanci ya sami hund. A 1994 masana harshe biyu, Merritt Ruhlen da John Bengtson, suka haɗa wannan da kalmomi masu kama daga nahiyoyi daban-daban, suka ce kuan ce kalmar kare ta harshen farko na 'yan Adam. Mafi yawan masana ba su karɓa ba, domin in ka tara harsuna dubbai kana neman gajeriyar kalma mai k, dole ka samu.

Misalin da ake ja wa ɗalibai kunne da shi daga Ostareliya yake. Masanin harshe R. M. W. Dixon ya tambayi ɗaya daga cikin mutanen ƙarshe da ke jin harshen Mbabaram sunan kare, ya ce masa dog. Ba aro ba ne daga Turanci. Daga tsohuwar kalmarsu gudaga ta gangaro bisa ƙa'idar sauyin sauti. Ita kanta dog ta Turanci ba a gano tushenta ba, haka perro ta Sifaniyanci.

Me harsunan Bauchi da Gombe za su iya nunawa?

Jihohin nan biyu suna cikin wuraren da harsuna suka fi cunkushewa a Afirka. Ga na Cadi kamar Bolanci, Tangale, Tera, Zaar da Warji. Ga Jarawa da ke da alaƙa da harsunan Bantu. Ga Waja da Tula na reshen Adamawa. Ga Fulfulde, inda kare yake rawaandu, jam'i dawaaɗi. Wanda ya zauna da tsofaffi daga Dass zuwa Kaltungo ya rubuta sunan kare, na kwikwiyo, da kalmomin farauta a kowane harshe, zai ga wa ya ara daga wa, wa ya zauna kusa da wa. Tarihin 'yan dubban shekarun nan ke nan, ba na zamanin ƙanƙara ba, kuma aiki ne da ke jiran ɗalibanmu tun tsofaffin ba su ƙare ba.

Yaushe kare ya shigo Afirka?

Baƙo ne, ta Gabas ta Tsakiya ya shigo. Ƙasusuwansa mafi tsufa a nahiyar suna Misira, wajen shekara 7,000 da suka wuce, daga nan ya bi makiyaya cikin Sahara tun tana da ciyawa da tafkuna. Kafin haka, a Shuwaymis da Jubbah da ke yankin Ha'il na Saudiyya, an zana karnuka a jikin duwatsu kimanin shekara 8,000 da suka wuce: kunne a tsaye, wutsiya a naɗe, wasu da igiya ɗaure a ƙugun maharbi mai baka. Na nuna wa dattijon mafaraucin nan na majalisa hoton a waya, ya ce, "Wannan ai karen Ningi ne."

Misirawa har kabari suka yi wa wani kare mai gadin Fir'auna, sunansa Abuwtiyuw, fiye da shekara 4,000 da suka wuce. An gano allon da ke ɗauke da labarinsa a Giza a 1935.

Karen gida namu gaurayen karnukan Turawa ne da suka lalace?

A'a, lissafin a juye yake. Yawancin nau'o'in Turawa masu suna ba su wuce shekara 200 ba. An yi gasar nuna karnuka ta farko a Ingila a 1859, karen 'yan sanda na Jamus kuma sai a 1899 aka yi masa rajista. Binciken 2009 a kan karnukan ƙauyukan Afirka ya nuna akasarinsu tsohon jini ne na nahiyar, mai faɗin gado fiye da na masu takarda. Basenji na Kwango da Azawak na Buzaye daga irin wannan tushe aka tsamo su. Karenmu yana jure zafin watan Afrilu da kaska da yunwa, abin da ke kwantar da na waje a asibitin dabbobi.

Ina matsayin addini?

Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo yana shimfiɗe da zira'o'insa a bakin ƙofa, Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo in an ambaci sunan Allah. Hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta, kiwo da gona. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi sau bakwai kuwa bin umarni ne. Sauran bayani na malaman fiƙihu ne.

Shi karen, yana jin harshen mai shi?

Yana jin fiye da yadda ake zato. Wata karya a Amurka mai suna Chaser ta haddace sunayen abubuwa 1,022. A Budapest ta ƙasar Hangari an sa karnuka 18 a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, aka kunna musu karatu da Hangariyanci da Sifaniyanci, sai aka ga ƙwaƙwalwarsu tana bambance harshen da suka saba ji da baƙo, tsofaffin cikinsu ma sun fi iyawa. Kare kuma yana bin yatsa in an nuna masa abu tun yana kwikwiyo, abin da ɗan kyarkeci ba ya yi da sauƙi ko da a hannu aka raine shi.

Na ga irin wannan da idona a wata ruga kusa da Dukku. Na yi ta kiran karen gidan da Hausa, da feɗuwa, da tafi, ko kunne bai ɗaga ba. Wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba ta fito daga bukka da ƙwarya a ka, ta ce "war", wato "zo" da Fulfulde, can ƙasa-ƙasa, ya miƙe ya bi ta rijiya.